Kwana biyar cikin jirgin ruwa a Bahar Maliya, ni da Inna da uwargida

Jama'a assalamu alaikum. Tun da munka dawo mutane ke ta tambayata, a shago da masallaci da WhatsApp, wai Alhaji da gaske ne cikin ruwa kunka kwana har kwana biyar, kuma da tsohuwa? To na ga maimaita labari ɗaya kullum ba zai yi ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, mai daɗin da marar daɗin, duk mai niyya ya karanta ya san abin da zai tarar. Ba zan faɗi sunan kamfanin jirgin ba don kar a ce talla anka biya ni in yi, da kuɗinmu munka shiga.

Ƙanena da ke aiki Jidda shi ya kawo maganar. Mun je Umra cikin watan Janairu, lokacin mun baro Sakkwato hazo ya rufe gari kowa leɓe a tsage, bayan mun gama ibada sai ya ce Yaya tunda Allah ya kawo ku, akwai jirgin ruwa na shaƙatawa da ke tashi daga nan tashar Jidda ya taɓa Jodan da Masar ya dawo, mu kai Inna ta huta. Ni da farko ban ɗauki zancen da nauyi ba, don a wurinmu in an ce jirgin ruwa to kwale-kwale ne na haye gulbi ranar kasuwa, kuma duk ɗan Sakkwato ya san irin labaran da ke zo mana daga Goronyo da Shagari da Wamakko in damina ta yi nisa, jirgi ya kife da mata da yara, babu rigar ruwa babu komai, Allah ya jiƙansu. Inna kuwa da ta ji sai ta ce "Mi? Ruwa? Ni da ko gadar Kwalkwalawa in gulbi ya cika sai na runtse ido? Ku dai tahi, ni ku bar ni nan kusa ga Ɗaki." Kwana biyu ƙanen nawa ya yi yana lallashi yana nuna mata bidiyo a waya kafin ta ce to, Allah shi kai mu lahiya.

Gani ya kori ji. Wallahi lokacin da motar tashar ta karya kwana munka hango shi ban ɗauka jirgi ba ne, na ɗauka wani otal ne anka gina bakin ruwa. Tsawonsa ya kai a jera filin ƙwallon Giginya uku, benaye a kan benaye, baranda bisa baranda har sai ka ɗaga kai hula na shirin faɗuwa. Kuma anka ce mana wanga ba shi ne babba ba a duniya, akwai Icon of the Seas da ya fara aiki a Janairun 2024 daga Miami ta Amurka, tsawonsa kusan mita 365 kuma yana iya ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata, wato jama'ar wani ƙauye babba ke nan cikin jirgi guda. Namu ma mutanen da ke ciki dubbai ne, amma in ka cire lokacin cin abinci ba ka jin cunkoso.

Ranar shiga ce ranar da ta fi wahala, ba zan ɓoye ba. Layi ne na duba fasfo da biza da kaya kamar filin jirgin sama, mun fi awa biyu, kuma tsohuwa ga ciwon gwiwa. Daga baya na gane da mun nemi keken guragu tun daga ƙofa da sun ba mu sun kuma wuce da mu gaba, don haka duk mai zuwa da tsoho ya nema tun farko, ba abin kunya ba ne. Ana gamawa sai a ba kowa kati ɗaya mai sunansa. Katin nan shi ne makullin ɗaki, shi ne kuɗinka a cikin jirgi, da shi kake fita da shi kake dawowa in an tsaya wani gari, fasfo ma ba ka yawo da shi. Akwatunanmu tun waje munka rabu da su, da yamma munka tarar da su ƙofar ɗaki.

Abin da ya fara kwantar mani da hankali, kafin jirgi ya motsa sai da anka sa kowane fasinja ya je ya ga wurin taruwarsa in wani abu ya faru, anka nuna mana yadda ake sa rigar ruwa da irin ƙarar da za mu ji ta gaggawa, gajeru bakwai doguwa ɗaya. Ba zaɓi ba ne, sai an goga katinka an tabbatar ka je. A ɗaki kowa da rigarsa cikin kabad, kuma gefen jirgin hagu da dama ƙananan jiragen ceto ne rataye, masu rufi da inji. Wannan doka ce ta duniya, asalinta tun bayan nutsewar Titanic a 1912, inda mutum sama da 1,500 sunka mutu saboda jiragen ceton ba su ishi mutanen ciki ba, shi ne ƙasashe sunka zauna sunka yi yarjejeniyar kare rai a teku a 1914, ana ta gyara ta har yau. Ina tsaye ana nuna mana rigar nan zuciyata na can gida, ina tunanin rigar da ba ta kai kuɗin buhun shinkafa ba, da a ce kowane kwale-kwale na Gulbin Rima yana da ita da gidaje nawa ba su yi zaman makoki ba. Abin ya tsaya mani a rai sosai.

Ɗakuna iri-iri ne kuma a nan kuɗin ke bambanta. Akwai na can ciki marar taga, shi ya fi araha, akwai mai taga wadda ba ta buɗuwa, sai mai baranda, sai manyan na masu hannu da shuni. Mu ɗakuna biyu munka kama masu baranda kusa da juna, Inna da uwargida ɗaya, ni da ƙanena ɗaya. In za ku ji shawarata, in dai aljihu zai iya, ku kama mai baranda ko da za ku rage wani abu daban, musamman in da mata. Dalili kuwa, barandar nan ita ce tsakar gidanku, mace za ta zauna ta cire mayafi ta sha iska ta kalli teku babu idon kowa. Inna rabin tafiyar a nan ta yi shi da tazbaharta. Ɗakin kansa ba shi da girma, bai kai ɗakin otal na gari ba, banɗakin ma ɗan tsukuku ne, amma tsaf yake, gado mai kyau, ruwan zafi da na sanyi ko wane lokaci, ga firij ƙarami ga esi. Wuta ba ta ko ƙifta ba kwana biyar, don jirgin da kansa yake samar da lantarkinsa, ruwan wanka da na sha ma daga tekun yake jawowa injuna su cire gishirin. Ku tafi da buta ƙarama ta roba, za ku gode mani.

Munka tashi bayan magariba. Ba ka ma jin tashin, sai dai ka ga fitilun Jidda suna ja da baya a hankali, ga ruwan nan na Sarki Fahad da ke feshi sama, wanda ya fi kowane tsawo a duniya, yana ta ƙanƙancewa har ya ɓace. Daga nan sai duhu da taurari da ƙarar ruwa. Ni tun ina yaro da muke kwana waje lokacin bazara a ƙauye rabona da ganin taurari haka.

Maganar jiri da amai da kowa ke tambaya, mu dai Allah ya tsare. Manyan jiragen nan suna da wasu fukafukai a ƙarƙashin ruwa da ke fitowa su rage tangaɗi, kuma ba gudu yake ba, kilomita 35 zuwa 40 ne a awa, ɗan kabu-kabu ma ya fi shi sauri. Dare ɗaya ne iska ta taso wajen shiga mashigin teku da ke kai wa garin Aƙaba na Jodan, uwargida ta ji kanta na juyawa, ta sha ƙwayar jiri da munka saya tun Jidda da shayin citta ta kwanta, da safe garau. An ce ɗakunan tsakiyar jirgi kuma na ƙasa-ƙasa sun fi rashin motsi, mai saurin jiri ya nemi nan.

Yanzu abinci, inda na san da yawa ke jira. Kuɗin tikiti ya haɗa da ci, safe rana dare, kuma akwai babban ɗakin cin abinci da za ka ɗauki faranti ka zuba abin da ranka ke so, ka koma ka ƙara babu mai kallonka. Shinkafa kala-kala, ta Larabawa mai naman rago, ta Indiya, kaji gasassu, kifi, taliya, burodi da ake gasawa nan take, kayan marmari kuwa har ka rasa na ɗauka, kankana, inabi, lemu, dabino. Da dare kuma in kana so akwai wani ɗakin da za ka zauna a kawo maka takarda ka zaɓa a kawo ɗaya bayan ɗaya. Jirgin da munka shiga namansa halal ne, mun tambaya kafin mu biya kuma mun sake tambaya a ciki. Amma ku sani ba kowane jirgi ne haka ba, da yawan na Turai da Amurka akwai naman alade da mashaya da gidan caca a ciki, wannan tambaya ce da ya kamata mutum ya yi tun kafin ya fitar da ko sisi. Abu ɗaya, abincinsu ba yaji, bakin Bahaushe zai ji lami. Uwargida da dabararta ta zo da yajin ƙuli da ɗan kilishi da ya rage daga guzurin Umra, shi ya cece mu. Kwana na uku Inna ta fara cigiyar hura, anka haɗa mata yogot da madara da ɗan zuma, ta sha ta ce ba laihi amma ba ta kai ta gida ba, kuma gaskiyarta.

To amma ba girman jirgi ko yawan abinci ne ya sa na zauna rubutun nan ba. Abin da ya taɓa ni shi ne hutu, hutu na gaske wanda ni ban taɓa sanin akwai irinsa ba. Mu tafiyarmu duk ta wahala ce, ko fatauci ko biki ko gaisuwar rasuwa ko asibiti, ko aikin Hajji da Umra wanda ibada ce mai gajiya. Ko ka ce ka je hutawa wani gari, kai ne neman masauki, kai ne cinikin tasi, kai ne ina za a ci abinci, ɗaure kaya kwance kaya. A nan kuwa sau ɗaya ka kwance akwati, ɗakinka ne ke tafiya da kai, ka yi barci a Saudiyya ka farka kana kallon duwatsun wata ƙasa. Inna ta haura saba'in, tun tana 'yar shekara goma sha take tashi da asuba ta hura wuta, ta yi daka ta yi surfe, ta raine mu mu takwas da dambu da ƙosai da take sayarwa bayan rasuwar Baba, ko yanzu da muke da masu aiki ba ta iya zama sai ta leƙa madafa. Ranar farko da yaron da ke gyara ɗaki ya shigo, ɗan Indunusiya ne Musulmi mai ladabi, sai ga Inna ta riga shi ta gyara gado ta ninke tawul. Ya yi ta roƙonta da hannu yana cewa Mama, Mama, alamar ta bari aikinsa ne. Kwana na biyu ta bari. Kwana na uku na leƙa da hantsi na tarar tana barci, rana ta fito sosai, ga kofin shayi a gefenta. Na koma ɗakinmu na ce wa ƙanena tun da nake ban taɓa ganin Inna na barcin hantsi ba sai in ba ta da lafiya, sai ya yi shiru, ni ma na yi shiru. A wurina kuɗin tikitin nan ya fita tun a nan.

Yini na biyu gaba ɗaya a tsakiyar teku munka yi shi, ba ƙasa ko ta ina, ruwa shuɗi har inda ido ya tsaya. Da sassafe mun ga dabbobin ruwan nan da ake kira dolfin suna tsalle suna bin gefen jirgi. Akwai wurin motsa jiki, da hanyar zagaye ta masu tattaki a saman jirgi, da wurin wasan yara mai masu kula da su, da shaguna, da babban zauren wasanni da dare. Wajen tafkin wanka mu ba mu zauna ba, shigar wasu ba irin tamu ba ce, haka wasannin dare masu kiɗa mun bar wa masu so, kuma babu wanda ya matsa mana, jirgin na da faɗin da kowa zai samu inda ya dace da shi. Mu wurinmu can baya ne inda ake ganin farin kumfan da jirgi ke bari, mu ɗauko shayi mu zauna hira har la'asar. Rabon da in zauna da ƙanena mu yi hira awa uku babu waya babu mai sallama, tun kafin ya yi aure.

Sallah kuwa akwai masallaci a ciki, na maza da na mata, kuma mun yi ƙasaru tunda matafiya ne. Abin da ya ba mu mamaki shi ne alƙibla. Mu a Sakkwato gabas muka sani, har kalmar ta zame mana ɗaya da alƙibla, a Jidda ma gabas ɗin ce don Makka na gabas da ita. To da jirgi ya yi ta nausawa arewa sai alƙibla ta riƙa karkata, muna isa Aƙaba ta koma kusan kudu sosai. Inna ta ce ikon Allah, yau ga gabas ta koma kudu. Kuma tunda jirgi na juyawa, sai ka duba kafin kowace sallah, kar ka dogara da inda ka fuskanta ɗazu. Wani malami ɗan Sudan da munka saba da shi a masallacin ya tuna mana hadisin da ke cikin Muwaɗɗa, da anka tambayi Manzon Allah (SAW) game da alwala da ruwan teku ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne kuma mushensa halal ne. Na karanta shi tun a makarantar zaure a gaban malam, a garin da ba mu da teku, sai ga shi yau ina tsakiyar abin da ake magana a kai.

Shi wanga malami ne ya ja mu hirar da ta sa Inna kuka. Da ya ji daga Sakkwato muke sai ya ce ai muna da 'yan'uwa a ƙasarsu, garin Mai Wurno a bakin Nilu. Kuma haka ne, bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris 1903 Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira ya nufi gabas da jama'a masu yawa, ya yi shahada a Burmi a watan Yulin shekarar, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran har Sudan inda sunka kafa garin. Hanyar nan ita ce ta alhazan da, a ƙasa, ta Borno da Chadi da Sudan, ana tafiya ana tsayawa noma ko ƙwadago a samu guzuri a ƙara gaba, har a kai Sawakin a bakin wannan tekun, a shiga jirgin katako mai filafilai a haye zuwa Jidda, wadda tun zamanin Sayyidina Usmanu take tashar masu zuwa Makka. Kakan Inna haka ya tafi, shekara bakwai kafin ya dawo, ƙaninsa da sunka tafi tare bai dawo ba kuma ba a san inda kabarinsa yake ba. Inna ta fita baranda ta daɗe tana kallon ruwan tana yi masu addu'a, ta ce wagga teku da sunka haye da tsoro da yunwa ita ce ɗiyana sunka kawo ni ina kwance bisa katifa ana kawo mani abinci. Ta kuma yi ta tambaya ko ta ina ne Fir'auna ya halaka, don mun taso muna jin a Bahar Maliya ne.

Safiya ta uku munka shiga mashigin Aƙaba, siriri ne, faɗinsa bai wuce kilomita 24 ba, duwatsun Sina'i na Masar a hagu na Saudiyya a dama, jajaye da hasken safiya. Aƙaba ita kaɗai ce tashar teku da Jodan ke da ita, tsohon sunanta Aila, kuma har yanzu kangon tsohon garin na farkon Musulunci na nan cikin gari. Inna da uwargida sunka zaga gari kaɗan sunka yi sallah a farin masallacin Sharif Husaini sunka koma jirgi, ni da ƙanena munka bi motar zuwa Petra, tafiyar kamar awa biyu. Wurin nan duk yadda zan faɗa ba zai kai ba. Za ka bi wani tsagin dutse mai tsawon fiye da kilomita ɗaya, dutse ta hagu dutse ta dama sun yi sama har rana ba ta shigowa sosai, a jikin bangon ga magudanun ruwa da mutanen sunka sassaƙa, kwatsam sai ka fito ka yi ido biyu da wani gini da anka fafe a jikin jan dutse, tsayinsa kusan mita 40, Larabawa na ce masa Khazna. Nabatawa ne sunka yi shi wajen shekara 2,000 da sunka wuce, fatake ne masu safarar turare da kayan ƙamshi a kan raƙuma, kuma UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya tun 1985. Ni ɗan kasuwa ne, sai na tsaya ina tunanin yadda fatauci ya gina wannan duka sannan hanyar ciniki ta sauya gari ya mutu. A je da takalmi mai kyau da rigar sanyi, a Janairu sanyin can ya fi na hunturunmu cizo, kuma tafiyar ƙasa ce mai yawa, ban ba da shawarar a kai tsoho mai ciwon ƙafa ba sai in za a biya masa ƙaramar motar lantarki da ke shiga da mutane.

Washegari Sharm el-Sheikh ta Masar. Nan kam har Inna munka fita, munka shiga wani ƙaramin jirgi mai gindin gilas, kana zaune kana kallon ƙasan teku. Subhanallah. Murjani kamar lambu, kifaye rawaya da shuɗi da masu zane kamar atamfa, ruwan garau har ƙasa. Mu da munka saba da tarwaɗa da giwan ruwa na Argungu cikin jan ruwa, ba mu taɓa zaton akwai kifi mai irin wagga kala ba, Inna sai tasbihi take tana cewa wa ya yi masu wanga rini in ba Allah ba. Matar da ta ce ba ta shiga ruwa, ita ce da anka ce lokaci ya yi ta ce a ɗan ƙara. Daga nan munka je tsohuwar kasuwa munka yi azahar a Masallacin Sahaba, munka sayi tsaraba. A yi ciniki sosai, farashin farko na baƙo ne, kamar dai yadda kowa ya sani a kowace kasuwa.

Abu mai muhimmanci in an fita gari, jirgi ba ya jira. Za a rubuta lokacin da kowa zai dawo, kuma da agogon jirgi ake aiki ba na garin ba, don wani lokacin sun bambanta. In da motar kamfanin jirgin ka fita aka makara za su jira ku, in kuwa da kanka ka ɗauki tasi ka makara to sai dai ka nemi hanyar cim masa a gari na gaba da kuɗinka.

Sai inda ban ji daɗi ba, kuma duk wajen kuɗi ne. Farashin da ake tallatawa ba shi ne ƙarshe ba. Akwai kuɗin hidimar ma'aikata da ake ɗora wa kowane mutum kowace rana, ni ban ƙi ba don yaran nan suna aiki kamar ba gobe, watanni suke yi ba su ga iyalinsu ba, yawancinsu 'yan Filifin da Indiya da Indunusiya, amma da an faɗa mani ƙarara tun farko da na fi jin daɗi. Fita yawon gari kuɗinsa daban kuma da tsada, na Petra ya fi kowane. Lemun kwalba da wasu gidajen abinci na musamman da hotunan da masu kyamara ke ɗaukarka da ganin likita duk daban. Intanet ɗin jirgi tsada ga rashin sauri, na saya na yini ɗaya na bari. Kuma don Allah ku kashe data ku sa waya a yanayin jirgin sama in kun bar tasha, don layin da waya ke kamawa a tsakiyar teku na tauraron ɗan'adam ne, yana iya cinye kuɗin layinka cikin mintoci. Tunda komai da kati ake yi ba ka ganin kuɗi na fita, sai daren ƙarshe a kawo maka lissafi, saboda haka ka riƙa dubawa kullum a talabijin ɗin ɗaki ko wurin masu karɓar baƙi. Da canjin naira yadda yake, ba ƙaramin kuɗi ba ne, mu ma mu biyu munka haɗa kuma mun daɗe muna tari.

Maganar takardu kuma kar a yi wasa da ita. Tunda jirgi zai bar Saudiyya ya dawo, dole bizarka ta zama mai ba ka damar fita ka sake shiga, kuma ka tabbatar da ƙa'idar Jodan da Masar ga mai fasfon Najeriya tun kafin ka biya, a rubuce daga kamfanin ba da bakin ejan kawai ba. Mu ƙanena ne ya tsaya a kan wannan tun muna gida. Sannan tun ƙarshen 2023 da rikicin kudancin tekun wajen Yaman ya taso kamfanoni da dama sun janye jiragensu ko sun sauya hanya, duk da mu arewa munka yi nesa da can, don haka a duba wane jirgi ke aiki a lokacin da ake son zuwa. Lokacin sanyi ne ya fi, daga Nuwamba zuwa Maris, zafin Bahar Maliya da bazara ba wasa ba ne ko ga mu da munka saba da na Afrilu. Magungunan tsofaffi na hawan jini da suga a riƙe su a jakar hannu, kar a sa cikin akwatin da za a rabu da shi.

Safiya ta shida munka farka jirgi ya riga ya ɗaure a Jidda. Yaron ɗakin nan ya zo sallama, Inna ta kwance bakin zanenta ta ba shi abin da ke ciki da sauran kilishin, ta dafa kansa ta yi ta sa masa albarka da Hausa shi kuma yana amin amin, ba mai jin yaren wani. Muna saukowa ta tsaya ta waiga ta kalli jirgin tun daga ƙasa har sama, sannan ta tambayi ƙanena wai in an sake zuwa ana iya kama ɗaki guda ita da Gwaggo Ladi, don ita ma tun da anka kai ta ɗaki ba ta taɓa hutawa ba. Mun ce mata in Allah ya kai mu baɗi ya hore, kuma mun riga mun fara tarin.